Inshorar Walƙiya

Wani bawan Allah ne a Tudun Wadar Kaduna, sunansa Lurwanu, yana da shagon labule da kafet a bakin kasuwa. Mutum ne marar hayaniya, ba ya shan taba, ba ya zaman majalisar gulma, cutarsa ɗaya ce tak a duniya, wato babur. Ba irin wanda ake ɗauro wa buhun masara ba, a'a, ƙaton nan mai tanki kamar cikin saniya, wanda in an tayar da shi kajin layi suke watsewa, mai hawansa kuma sai ya kwanta a kai rub da ciki kamar mai leƙen rijiya. Tun ranar da ya saye shi ya raɗa wa kansa suna Walƙiya, har ya sa aka rubuta masa a ƙeyar hular kwanonsa. Amaryarsa Ramlatu, wadda ba ta daɗe da tarewa ba, ita ke share ƙarƙashin babur ɗin kullum da safe, don a tsakar gida yake kwana, daidai inda ya kamata a ce turmi yake zaune.

Su Lurwanu suna da ƙungiya ta masu irin wannan babur. Da yake titunan gari daga rami sai tudun rage gudu, ba inda mutum zai murɗa hannu ya ji daɗin abinsa, sai suka samo wani tsohon filin saukar jirgi a bayan gari wanda aka daina amfani da shi. Duk Lahadin ƙarshen wata sukan je can, su jera tsofaffin tayoyi su fitar da hanya mai kwana-kwana, su yi ta zagaye tun hantsi har rana ta take tsaka. Wannan ita suke kira ranar fili. Tun jajiberinta Lurwanu yake fito da rigar fatarsa, baƙa wuluk tun daga wuya har idon sawu, ya shafe ta da mai, ya rataye a igiyar shanya. Yakan shige ta da safe da taimakon Ramlatu, shi yana nishi ita tana jan zif, a cikin zafin da ko shimi mutum ke neman cirewa.

In ya dawo da yamma sai ya zauna a kan tabarma, tana yi masa fifita, yana ba ta labarin yadda ya bule kowa da ƙura. Ita dai nata ta ce sannu da ƙoƙari. Amma ita ce mai goge rigar, kuma tun farko ta lura da wani abu: ƙurar kullum a ƙirji take, da gwiwa, da gilashin hula, bayan rigar kuwa fes kamar ba a fita da ita ba. Ba ta taɓa hawa babur ɗin ba balle ta je fili, amma ta san ƙurar wanda ke gabanka ce ke zama a ƙirjinka. Ta ci gaba da goge rigar. Daga baya Ladiyo, matar amininsa Tasi'u, ta tsegunta mata a gidan suna cewa a can fili ba wanda ke kiransa Walƙiya sai in yana kusa. In ya ba da baya, Ɗan Rakiya suke ce masa. Ramlatu ta rufe baki da gefen mayafi, wannan ma ta haɗiye abinta.

To, zancen inshora. Da can Lurwanu irin ta kowa yake yanka, wadda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lamba, wadda duk amfaninta a miƙa wa ɗan sanda ya juya ta gaba da baya ya miƙo maka. Ba wanda ya taɓa jin ta gyara ko da madubi. Amma da ya sayi wannan babur sai ya ce shi ya wuce wannan ajin. Ya sa manyan kaya, ya tafi wani ofishi mai bene da na'urar sanyi, ya ce a yanka masa babba, wadda ta rufe komai da komai. Aka miƙo masa takardu cike da ƙananan rubutu, bai ko duba ba ya kai aka lulluɓe su da roba, ya kawo wa Ramlatu ya ce ta adana a ƙasan akwati tare da takardar aure. Daga ranar ya ɗauki inshorar nan tamkar laya. Duk wanda ya ce masa ya riƙa bi a hankali sai ya yi murmushi ya ce ai babur ɗin a ɗaure yake, ko toka ya zama kamfani zai tashe shi. Kawunsa Barau, dattijon da ya riƙe shi tun yana yaro, ya ce shi dai bai gane cinikin da mutum zai biya kuɗi yana jiran masifa ba. Lurwanu ya ce, "Kawu, ai zamani ne."

Wata ranar fili sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, babur a baya a kwance, Lurwanu a gaba a kishingiɗe. Shi da sauƙi, targaɗe ne a ƙafa da tsagewar ƙashi a kafaɗa. Babur ɗin ne ya ji jiki. Gabansa ya shige ciki, fitila ta tarwatse, tanki ya loɓa, ƙafar gaba ta karkace tana kallon gabas alhali sauran jikin na kallon kudu. Ko ta zaure ya ƙi shiga, sai a ƙofar gida aka jingine shi aka lulluɓa masa tsohon labule. Bakaniken da aka kira ya zagaya shi yana tsaki, ya ce kayan wannan sai an yi odarsu daga waje, in Lurwanu ya ce da aljihunsa zai gyara to sai dai ya sayar da shago har da katakon ƙofa. In kamfani bai ɗauka ba, shawararsa a kira mutanen Panteka masu sayen tsohon ƙarfe su auna shi a kilo.

Wannan kalma ta kilo ta fi targaɗen yi wa Lurwanu ciwo. Ramlatu da farko har ta fara auna inda za ta mayar da turminta, amma da ta ga yadda yake jan ƙafa ya leƙa ƙofa, ya ɗaga gefen labulen ya daɗe yana kallo ya dawo idonsa jajir, sai tausayi ya kama ta. Ta shiga yi masa addu'a kamfani ya biya.

Yadda abin ya faru kuwa, ita ta riga kowa a gidan sani. Tasi'u ne ya ɗauka a waya. Tun a cikin mota Lurwanu, yana riƙe da kafaɗa yana cije baki, ya rantsar da shi cewa zai goge, kuma ba zai faɗa wa kowa ba. Tasi'u ya rantse ya goge a gabansa. Abin da bai faɗa ba shi ne ya riga ya tura wa Ladiyo, ita kuma Ladiyo ta tura wa Ramlatu tun kafin motar ta shigo gari. Ramlatu ta kalla sau ɗaya a bayan ɗaki, ta yi istigfari saboda dariyar da ta kufce mata, ta kife wayar.

Aka shimfiɗa wa majinyaci katifa a ɗakin zaure saboda masu dubiya. Suka yi ta zuwa kuwa, 'yan kasuwa, 'yan ƙungiya, maƙwabta, kowa da ledar lemo ko ayaba. Ramlatu ba ta shiga cikin maza, iyakarta bakin labulen da ya raba zaure da cikin gida, ta turo kwanon kunu ta ƙasa ta koma gefe. Labulen yana da 'yar huda a tsakiya, don duk labulen da ya ƙi sayuwa a shago shi ake kawowa gida, ta nan take ganin kowa ba mai ganinta.

Ta nan kuma ta ji labarin yana girma. Ranar farko cewa ya yi yana cikin na gaba-gaba taya ta zame. Washegari ya zama shi ne na biyu yana shirin wuce na ɗaya. Kafin mako ya zagayo ya riga ya wuce na ɗayan, ya ba shi rata har ba ya hango shi a madubi. Tasi'u, da yake kullum yana wurin, sai dai ya sunkuyar da kai yana ɓare lemo, rantsuwa ta ɗaure masa baki. Kawu Barau, wanda a da yake faɗa a kan babur ɗin, yanzu har ya fara gyara zama in an zo wurin wuce na ɗaya, yana duban baƙi yana cewa tun yana ƙarami haka yake, ba ya son ganin ƙeyar kowa.

An sanar da kamfani, sun ce za su turo mutum ya duba. Wata Laraba da safe mai ɗori yana cikin murza kafaɗar Lurwanu, sai wayarsa ta yi ƙara a ɗaki inda take caji. Ramlatu ta ɗauka a tsorace. Wata murya mai sanyi ta ce daga kamfanin inshora ne, tana neman kwatancen gida. Ta kwatanta, duk gaɓar da ta faɗa sai muryar ta ce, "To madalla." Da ta gaya wa maigidan sai ya ce ba komai, ai in sun zo ba sai an faɗa ba, za a ga mota mai tambari da mutum mai kwat da igiyar wuya. Ya ce ma a yayyafa ruwa a ƙofar gida inda motar za ta tsaya.

Bayan la'asar zaure ya cika kamar kullum. Ramlatu ta kawo kunu ke nan, ta kai ido hudar labule, sai ta hango ta ƙofar waje wani ɗan siririn mutum ya sauko daga Keke Napep. Kaftani ne a jikinsa ruwan toka wanda ya sha wanki, da hula zanna da ta kwanta gefe guda, da ledar ayaba a hannu. Bai shigo kai tsaye ba. Ya tsaya wurin babur, ya ɗaga lulluɓin, ya tsuguna, ya shafa taya, ya fito da waya ya ɗauki hoto ta nan ya ɗauka ta can. Sannan ya mayar da lulluɓin yadda yake, ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya ajiye ayabarsa a gefen katifa, ya yi wa majinyaci sannu da Allah ya sa kaffara ne, ya nemi gefen tabarma ya zauna.

Ba wanda ya san shi, ba kuma wanda ya tambaya. Wa zai dubi mutumin da ya taso takanas ya zo dubiya da ledarsa ya ce masa kai wane ne? Kawu Barau ya ɗauka cikin 'yan babur ne. Tasi'u ya ɗauka mutumin ƙauyen su Kawu ne. Lurwanu kuwa ya ɗauka wani ne da ya taɓa sayen labule a wurinsa, har yana ce masa ya kwana biyu, ya iyali, shi kuma yana amsawa da lafiya lau. Abin da Lurwanu ya gani kawai shi ne an samu sabon kunne. Ya gyara matashi, ya ce wa baƙon ai Allah ne ya yi da sauran kwana, in da ya ga irin gudun da ake yi da ba zai ce mutum zai tashi ba.

Baƙon ya karɓi kofin kunun da aka miƙa masa, ya kurɓa, ya ce, "To madalla."

Ramlatu ta ƙara manna ido a hudar labule. Muryar nan ce ta safe, ba ko tantama. Ita ba ta san abin da ke cikin takardun ƙasan akwati ba, amma ta san mutumin da ya zo duba ɓarna ba ƙarya ya kamata a tare shi da ita ba. Ta yi gyaran murya. Ba wanda ya kula. Ta saki murfin kwano a ƙasa da gangan, ya yi ta ƙara yana juyi, Kawu ya ce a dai riƙa kula da kaya. Ta matsa jikin labule ta ce a hankali, "Ana magana." Lurwanu ya ce ana zuwa, bai ko waiwayo ba. Ta koma da sauri ta kira lambarsa, sai ga wayar tana kuka a ɗakinta, a jikin caji inda ta bar ta da safe. Ta dawo ta tsaya tana murza yatsu. Ta kutsa cikin maza, ga Kawu a zaune, wannan ko a mafarki ba za ta iya ba.

Shi kuwa Walƙiya ya riga ya tashi sama. Ya faɗi yadda aka jera su a layi, kowa na murɗa wuta, ƙasa na rawa. Ya faɗi yadda aka saki tuta, yadda ya kwanta a kwanar farko har gwiwarsa na gogar kwalta tana fitar da tartsatsi. Baƙon yana saurare da ladabi, lokaci-lokaci ya jefa 'yar tambaya kamar mai neman ƙaruwa. Ya tambaya ko suna da yawa, Lurwanu ya ce fili ya cika maƙil, har daga Jos da Abuja an zo. Ya tambaya ko an sa wani abu ne ga wanda ya ci, Lurwanu ya ɗan yi jim, sannan ya ce rago, ƙaton rago mai ƙaho murɗi uku-uku, yana ɗaure a gindin tuta yana jiransa. Tasi'u ya ƙware da lemo, sai da aka bubbuga masa baya. Wannan ragon yau aka haife shi.

"Ashe dai tsere ne sosai," in ji baƙon.

"Tsere ma na a-mutu-ko-a-yi-rai," in ji Lurwanu. "Ka tambayi kowa a garin nan wane ne Walƙiya."

Baƙon ya ajiye kofi, ya goge baki, ya zaro wani ɗan kati mai igiya daga aljihun gaba. Ya ce a gafarce shi, ya ga ana hira ne bai so ya katse ba. Sunansa Shitu, shi kamfanin inshora ya turo.

Lurwanu ya dubi kaftanin, ya dubi hular, ya leƙa ƙofa inda aka yayyafa ruwa, ba mota ba alamarta. Malam Shitu ya yi bayani a natse, kamar mai karanta wa yara. Ya ce inshorar da Lurwanu ya yanka babba ce, ba laifi. In a kan titi abu ya faru, kamfani ya ɗauka. Ko a irin filin nan nasu ne, in mutum ya je ne don ya saba da babur ɗinsa, ya yi shawaginsa ya sha iska, nan ma akan duba a taimaka. Abu ɗaya ne kamfani ya ce ba ruwansa da shi ko kusa, shi ne tsere. Ya ce ga shi kuwa, Alhamdu lillahi, bai ma sha wahalar tambaya ba.

Ramlatu ta ga gumi ya karyo wa maigidanta tun daga goshi. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce haba Malam, ai hirar majinyaci ce, maganin da ake ba shi ne yake sa shi surutu. Malam Shitu ya ce Allah ya sawwaƙe, amma maganin bai hana shi tuna ƙahon rago ba. Lurwanu ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ta san abin da yake gani a rufin nan: babur ɗinsa a kan sikelin Panteka. Can sai ta ga idonsa ya yi haske, irin hasken da yake yi in mai ciniki ya kama hanyar fita ya tuno da wata dabara.

Ya ce to a tsaya, a bi maganar a Hausance. Mene ne tsere? Tsere shi ne mutum ya tsere wa wani, ya bar shi a baya. In ba ka tsere wa kowa ba, ina tseren yake? Ya ce shi kuwa, tunda abin ya zo ga haka, a gaban Kawu da kowa, bai taɓa tsere wa ko mutum ɗaya a filin nan ba. Ba ranar ba, ba kafin ranar ba.

Kawu Barau ya ce, "Kai Lurwanu, ragon fa?"

"Kawu, ba rago. Ko kaza babu."

Ya juya ga Tasi'u ya ce ya faɗa wa Malam gaskiya. Tasi'u ya ce shi an rantsar da shi. Lurwanu ya ce ya warware, ya yafe, in da kaffara shi zai yi. Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Tasi'u ya ajiye lemo, ya gyara zama, abin da ya daɗe yana cinsa a ciki ya samu hanya. Ya ce tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa tashi daga fili Lurwanu bai zama kurar baya ba. Ya ce in an saki tuta sai kowa ya ɓace sannan a ji shi yana neman giya. Ya ce a kwana sauke ƙafa yake yi yana dogarawa kamar mai tsallaka kwata. Ya ce akwai ranar da mai sayar da rake ya shigo fili da kekensa bisa kuskure, suka jera da Lurwanu tun daga kwanar farko har ta ƙarshe suna gaisawa, daga baya mai raken ya ce shi yana sauri, ya wuce. Sauran 'yan ƙungiyar da ke wurin suka kama, wannan ya tuno nasa, wancan ya ƙara. Sunan Ɗan Rakiya ya fito fili a gaban mai shi. Duk wanda ya faɗi wata sai Lurwanu ya gyaɗa kai da ƙarfi ya ce wa Malam Shitu, ka ji ko, ka ji ko, kamar ana karanto masa lambobin yabo. Kawu Barau ya jawo hularsa ya rufe rabin fuska.

Malam Shitu ya ce duk ya ji, sai dai yanzun nan ya ji wani labarin daban daga baki ɗaya, kuma waɗannan abokansa ne, za su iya faɗin komai don su taimake shi. Ko akwai wata shaida da ido zai gani?

Lurwanu ya ce akwai, Tasi'u ya ɗauka a waya. Tasi'u ya ce ai ya goge, a gabansa ma. Lurwanu ya harzuƙa ya ce wane irin aboki ne wannan, a ce ka goge abu sai kawai ka goge? Ba ka san ranar da za a neme shi ba? Ya shiga tambayar sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ba shi da shi, wasu da gaske wasu don kunya.

Ramlatu ta daɗe tana kallon wayarta. In ta miƙa, ya san ta gani, ya san duk sannu da ƙoƙarin da take yi masa da fifitar nan da saninta take yi. In ba ta miƙa ba, babur ya tafi kilo. Ta runtse ido, ta durƙusa, ta tura wayar ta ƙarƙashin labule, ta bi bayan kwanon kunu, ta janye hannunta da sauri kamar ta taɓa wuta.

Lurwanu ya dubi wayar, ya dubi labulen, ya daɗe yana kallon hudar nan. Ya ɗauka ya miƙa wa Malam Shitu, kowa ya matso aka haɗa kai.

Ga fili fetal ba kowa a kai. Ga babura a jere a inuwa, masu su sun tuɓe huluna, wasu har sun buɗe kular shinkafa. Sai aka ji wata murya tana cewa a dakata da cin abinci, Ɗan Rakiya bai iso ba. Can daga nesa sai ga shi ya ɓullo, a kwance a kan tanki, ya ƙanƙame kamar mai keta iska, babur ɗin kuwa na tafiya kamar an ɗauko amarya. Da ya matso ya ga ana ɗaukarsa, sai ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a. Ɗaya hannun ya murɗe wuta bai sani ba. Babur ya yi tsalle ya ajiye shi a kan tarin tayoyi, a zaune, hannunsa na sama har lokacin. Shi kuma babur, da ya ji ba kowa a kansa, sai a ranar ya yi gudun da aka ƙera shi dominsa. Ya miƙe fili shi kaɗai kamar harsashi, bai tsaya ba sai da ya rungumi wani tsohon ginshiƙin siminti.

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Kawu ya ce a sake kunnawa bai gani da kyau ba. Aka sake. Lurwanu ya jure har ƙarshe, fuskarsa kamar an watsa mata ruwan zafi, amma ya daure, don a ganinsa ya sayar da suna ya fanshi babur. Ya share gumi da hannunsa mai lafiya, ya dubi baƙon.

"To Malam Shitu, ka ji da kunnenka, ka gani da idonka. Ga shaidu, ga Kawu, ga hoto. Wallahi ni ne na ƙarshe. Ranar ma ni ne na ƙarshe, kullum ni ne na ƙarshe. Ka rubuta musu haka da manyan baƙi."

Malam Shitu ya shanye sauran kununsa, ya juya wajen labule ya ce amarya an gode, kunu ya yi daɗi. Ya miƙe, ya kakkaɓe kaftani, ya zura takalminsa, ya yi wa majinyaci addu'ar samun lafiya. Sai da ya kai bakin ƙofa sannan ya waiwayo.

"To madalla, zan rubuta yadda ka ce. Sai dai Malam Lurwanu, ni a iya sanina, ba a zuwa na ƙarshe sai a tsere."